Likitar da Ta Ƙi Kiran Chilufya Mahaukaci

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, ina tuƙa nshima, tuwonmu na masara, wata ma'aikaciyar jinya ta kira ni ta ce Dokta Mutinta Hamoonga ta rasu, zuciyarta ce ta tsaya tana shirin fita aiki. Na zauna a ƙasa da muciya a hannu. Dokta, kafin baƙin ciki ya iso gare ni, tsoro ne ya riga shi, kuma har yau bai sake ni ba.

Mutane da yawa a nan garinmu Kitwe za su yi maganar shekarun da kika yi a sashen masu taɓin hankali. Ni abin da kika yi wa gidana kawai na sani.

Mace na haifa, muka sa mata Chilufya. Tun tana ƙarama ba ta yarda a ɗaura mata zane. Da ta girma sai ta aske kanta, ta riƙa ɗaure ƙirjinta har numfashi na yi mata wuya. Wata rana ta ce mini, "Mama, ni ba mace ba ce. Jikin nan kamar kayan aro ne." Mahaifinta ya riga ya rasu a ramin haƙar tagulla, don haka wansa, Baba Kabwe, shi ke da magana a kanmu. Ya kai ta gidan wani mai addu'a, aka ɗaure ta a gindin bishiya ana korar aljani. Ta dawo ba ta ci, ba ta barci, in an taɓa ƙofa sai ta zabura. Daga nan ya ce sai asibiti.

Ba na mantawa da yadda ya tsaya a gabanki. "Likita, ki shaida mana hauka ne, a kwantar da ita a yi mata allura. Gata nake mata. Gara a ce mahaukaciya da a ce 'yan sanda sun zo kama ta a kan wannan ɗabi'ar."

Ni ma a ranar hakan nake fata, don hauka yana da magani, kuma maƙwabta suna tausaya wa uwar mahaukaci. Kika fitar da mu, kika zauna da Chilufya har muka gaji da jira. Da kika kira mu, kika ce, "Baba, na tsufa cikin masu taɓin hankali, na san su. Wannan hankali garau. Ciwon da na gani tsoro ne da rashin barci, kuma igiyarku ce ta kawo su. Su zan yi wa magani."

"To wannan ɗabi'ar fa?"

"Ba ni da allurarta. In na ce hauka ne, za a tausaya na mako guda, daga nan babu wanda zai sake jin maganar da ta fito daga bakin nan har abada. Ko an yi duka, ko an yi abin da ya fi duka, za a ce ai mahaukaci ne ke faɗa."

Ya ce boko ya lalata ki. Kika yi dariya kika ce, "Ni da nake rera waƙa a coci tun kafin gemunka ya fito?"

Ba ki taɓa ce mini in daina addu'a ba, ba ki kuma ce kin fahimci komai ba. Cewa kika yi, "Maman Chilufya, abin da ya fi ƙarfin saninmu mu bar wa Allah. Amma rai a hannunki yake yau, kada ki bari ya salwanta." Ranar da Chilufya ya sha ƙwayoyi da niyyar mutuwa, ke kika bar bikin jikarki kika zo da kwalliyarki. Yanzu yana gyaran babura, yana cin abinci, yana tsokanata. Ina kiransa ɗana, ko da yake bakina kan kuskure.

Na san cikin abokan aikinki akwai masu ganin kin yi kuskure. A wurin jana'izarki Baba Kabwe ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "To, likitarku ta tafi." Tun ranar, in mota ta tsaya a ƙofar gida sai in tashi in leƙa ta taga. Chilufya ya koma kwana da takalmi a ƙafa. Ranar Alhamis za mu je karɓar magani, kuma ban san wa za mu tarar a kujerarki ba, ban san abin da zai kira ɗana ba.

Allah Ya jiƙanki, Dokta Mutinta, Ya gafarta miki, Ya ba ki hutu. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da jikokinki, da duk waɗanda suke ɓoye kukansu a kanki don kada a tambaye su dalili. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kuma sa tausayi a zuciyar wanda zai buɗe mana ƙofa ranar Alhamis. Amin.