Kukan Boris Ana Gobe Ɗaurin Aurena

Ba zan taɓa manta jajiberin ɗaurin aurena ba, can zamanin Turawa, lokacin ni ke kula da injin casar shinkafar kawuna a Haɗejiya. Ranar ƙafata ko ƙasa ba ta taɓawa. Kowa ya gaishe ni sai in fashe da dariya.

Da hantsi na zuba shinkafar bikin, wadda dangi suka kawo daga fadamar Guri, sai injin ya fara wani siririn fito. Gwaggona da ke riƙe da ƙwarya ta ce, "Kun ji, har injin ma guɗa yake wa ango." Mata suka ɗauki tafi, ni kuwa har da juyi. Ina cikin rawar na dafa gidan boris, ƙarfen nan mai ƙwallaye da sandar injin ke juyawa a ciki. Ban san sanda na yi tsalle ba don zafi. Nan take na kashe injin.

Kawu ya ce, "Ɗan nan, baƙi na hanya. Me za su ci?"

Na hau keke na ɗauko wani bakanike abokina. Ya juya injin da hannu, ya ɗora bakin sukundireba a kan boris, ya manna ƙotar a kunne. Sai ga layi, kowa na son ya ji. Gwaggo ta saurara ta ce, "Wani ne ke tauna tsakuwa a ciki."

Da muka kwance gidan boris ɗin, ashe ƙurar dusa ce ta shige ta cakuɗe da giris, man da ake cusa wa ƙwallayen, ya daskare kamar tuwon jiya, bel ɗin da ke juya sandar kuma ya ɗame da yawa. Abokina ya ce, "Ango, da ka ƙara buhu ɗaya, da boris ya cinye sandar, sai dai a aika Kano neman wata." Muka wanke ƙwallayen da kananzir, muka cusa sabon giris, muka sassauta bel. Injin ya tashi sumul, kafin la'asar an gama casa.

Washegari na karɓi gaisuwa da baƙin giris a farce da bororo a tafin hannu, bakina har kunne.

Tun daga ranar na gane inji ba ya lalacewa sai ya yi magana. Idan muryarsa ta sauya, ko ana kiɗa a kanka, tsaya ka saurare shi.