Biyu da Ɗigo Uku na Renita Gaskins

Shekara goma sha ɗaya Renita Gaskins ta yi a tagar karɓar takardu ta kotun gundumarmu a Toledo, teburina na jikin nata. Duk sabon lauyan da ya shigo yana ƙamshin turare, wurinta yake fara tsayawa. Ta duba takardarsa ta ce, "Lauya, in ka kai wa alƙali wannan a haka, da ita zai jefe ka." Ya yi dariya, ya gyara, ya je ya ci shari'a, a yaba masa.

Tana da shekara talatin da huɗu ta zauna jarrabawar shiga makarantar lauyoyi. Ƙarshen makin ɗari da tamanin ne, ta kawo ɗari da saba'in da uku. Mahaifiyarta ta soya kaji, ta gasa burodin masara, ta gayyato rabin cocinsu.

Sai dai akwai tsohon tabo. Sakamakon digirinta biyu da ɗigo uku ne cikin huɗu. Shekarar da ta shiga jami'a ɓarin jikin mahaifinta ya shanye. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, sannan ta ruga aji, daga aji ta wuce aiki a kantin magani. Haka har shekara uku, ya rasu. Duk ta rubuta wannan ta haɗa da takardun nemanta.

Makarantu tara ta nema, takwas suka ce a'a. Ɗaya daga cikinsu a garinmu take, don haka ta nemi ganin jami'in ɗaukar ɗalibai, wani Mista Whitcomb. Ni na kai ta, aka bar ni na zauna a gefe.

"Makinki ya burge mu ƙwarai," in ji shi. "Amma jarrabawa ta yini ɗaya ce, digiri kuwa shekara huɗu. Shi ke nuna mana ko mutum na da juriya."

"Juriya," Renita ta maimaita. "Yallaɓai, ka karanta bayanin da na haɗa?"

Sai ya hau lalube a kwamfuta. A gaban idonmu ya fara karantawa, kunnuwansa suna yin ja! Da ya gama ya ce abin tausayi ne, amma an riga an rufe, ta sake gwadawa baɗi.

A mota na yi ta zazzaga masifa ina dukan sitiyari. Wato laifin 'yar shekara goma sha tara, wanda ba ma laifi ba ne, shi za a rataya wa mace a wuya har ta tsufa?

"Wanda, dubi hanya," ta ce, tana kiran sunana. "Kada ki kashe ni ban zama lauya ba."

Makaranta ta tara, wata ƙarama mai darasin yamma, ta kira ta ana saura kwana goma a fara, shi ma don wani ya fasa. Tafiyar awa guda da rabi ce. Shekara huɗu tana tashi daga aiki ta kama hanya, ko ana zuba ƙanƙara, har motoci biyu suka mutu a hannunta. Ta fito ta uku a ajinsu.

Yanzu masu haya take karewa idan an tashi korarsu daga gida. In na tayar da zancen Mista Whitcomb sai ta ce, "Ke dai ba kya mantuwa." Ba na yi kuwa. Duk wanda ya zauna kusa da ni lokacin cin abincin rana sai ya ji labarin nan.