Ƙofar Alwyn ta Bakwai

Noeline Trezise ba ta tuƙi da takalmi. Ta ce mota kamar miji ce, in ba ka taɓa ta da fatarka ba, ba za ka san abin da ke cinta ba. Miji kam ta yi biyu, kowanne ya sauka a tasharsa. Motar ce ta zauna.

A Port Augusta aka haife ta, inda teku yake kutsowa cikin ƙasa, ya hango hamada, ya fasa tafiyar. Ubanta lebura ne a layin dogo. Tana da shekara goma sha tara ta shiga can ciki dafa wa makiyaya abinci, ƙarti goma sha huɗu masu cin nama sau uku a rana, ba wanda bakinsa ya iya "an gode". Daga nan ta ja motar 'yan firamare shekara goma sha ɗaya, aikin da ta ce bayansa babu dabbar dajin da za ta ƙara ba ta tsoro. Sai ta sayi wata doguwar mota mai kujera goma da tayoyi kamar na tarakta, ta shiga kwasar mutanen birni daga bakin teku a Adelaide zuwa tsakiyar ƙasa. Kwana tara ake yi, ana kwana a ƙasa, ana haɗiye ƙuda, a dawo kuma ana yi mata godiya.

Manyan kamfanoni ma suna bin hanyar, da motocinsu masu sanyi da banɗaki a ciki. Abu ɗaya ne Noeline take da shi wanda ba su da shi: hanyar Alwyn.

Alwyn Schiller tsoho ne mai shanu, ya haura saba'in, makiyayarsa kuwa sai ka yini kana tuƙi ba ka fita daga cikinta ba. A can ƙarshenta akwai wani tafki a gindin jan dutse, bai taɓa ƙafewa ba, ruwansa sanyi kamar na sabuwar randa. Babu hanyar gwamnati da ta je wurin. Duk wanda ya hau motar Noeline, hoton tafkin nan ya gani ya zo. In ka cire shi, ba abin da ya rage mata sai kujeru masu zafi. Tana cikin waɗanda suka dafa wa Alwyn abinci a da, shi ya sa ya yarda ta riƙa ratsawa. Ba takarda, ba shaida. Hannu suka haɗa, shekara goma sha bakwai ke nan, ya ce mata, "Ƙofa, yadda kika same ta haka za ki bar ta."

Wannan ba sabuwar doka ba ce, duk wanda ya tashi a nan ya sha ta a nono. Ka tarar da ƙofar shinge a rufe, ka rufe bayanka. Ka tarar da ita a buɗe, ka kama gabanka. Mai shanu yakan manta ranar haihuwar matarsa, amma ba ya manta ƙofa. In ya bar ta a buɗe, da dalili. Kafin Noeline akwai wani direba, Clive, da shi ma yake ratsawa, har mutanensa suka taɓa wata ƙofa. Yau shekara ashirin, in Clive ya gai da Alwyn a gari, sai tsohon ya ɗaga kai sama kamar mai duban hadari.

Sai kuma al'adar kujerar gaba. Wanda ya zauna kusa da direba, shi ne mai sauka ya buɗe, mota ta wuce, ya rufe, ya dawo da ƙura a haƙora. Shi ya sa 'yan ƙasa suke rige-rigen zama a baya. Baƙi kuwa gaba suke so.

A wata tafiyar Nuwamba, watan da a can ƙasar zafi yake fara nuna hali, wanda ya ci kujerar gaba a rana ta huɗu shi ne Graeme Pascoe. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin gandiroba kafin ya yi ritaya, kuma ba a gaya wa hannunsa an yi ritayar ba. Matarsa Lorraine tana zaune a bayansa tana ba da rahoto.

"Kin gan shi nan, Noeline? Firiji ma sai ya girgiza murfinsa sau uku kafin ya zauna. Rannan ni ya kulle a lambu."

"Ai kin fita ba ki sanar ba," in ji Graeme.

"To yau kakarka ta yanke saƙa, Mai Makulli," Noeline ta ce. "Ƙofa bakwai ce a gabanmu, duk na ba ka kyauta. Amma ka riƙe abin da na faɗa da safe. Yadda ka same ta."

"'Yar uwa, ni za ki koya wa ƙofa?"

Gaskiya ne, ba ta taɓa samun mai buɗe ƙofa kamarsa ba. Shida na farko duk a rufe suke. Ya sauka da sauri, ya buɗe, ya rufe, ya girgiza sau uku, 'yan mota suna ƙirga masa da ƙarfi suna tafi. Ta bakwai a hangame suka same ta, an ja ta baya an tokare da dutse. Noeline ta wuce ba ta taka birki ba. Ta dubi sawun kofato a ƙasa ta ce a ranta, injin rijiyar arewa ya sake mutuwa ke nan, tsoho ya buɗe wa shanunsa hanyar kwamin ruwan da ke wannan ɓangaren. Ba ta faɗa a fili ba. Abin da kowa ya sani, wa yake faɗa?

Gaba kaɗan akwai bishiya ɗaya tilo, nan take tsayawa shan shayin ƙarfe goma. "Mata hagu, maza dama, kowa ya duba ƙasa kafin ya tsuguna," ta ce kamar kullum, ta ɗora gwangwanin shayi a wuta. Maza suka yi dama. Graeme ya ɗan daɗe, ba wanda ya tambaye shi, mutum mai shekara sittin da biyar ba a yi masa ƙirga.

Ƙarfe ɗaya saura suka isa tafkin. Kowa ya faɗa ruwa. Noeline tana soya nama a kan faranti, tana korar ƙuda da gwiwar hannu, sai ga Graeme ya fito yana ɗiga, ciki gaba, fuska cike da annurin wanda ya yi aikin kirki.

"In kin ga tsohon nan, ki ce ya gode mini."

"Da ka yi masa me, Mai Makulli?"

"Ƙofar nan ta ƙarshe mana. Na san abin da kika ce, amma wannan mantuwa ce ƙiri-ƙiri. Ga sawun shanu nan kaca-kaca, suna ta sulalewa. Na rufe, na samu waya na ɗaure. Ko giwa ba ta buɗe ta."

Noeline ta juya naman, ta sake juya shi ko da bai buƙata ba. Ma'aunin zafin da ke jikin mota yana nuna arba'in da uku. A bayan ƙofar nan akwai shanu kusan ɗari huɗu, rabinsu da maruƙa, rijiyarsu a mace, kuma kafin rana ta take suke gangarowa sha. Tun ƙarfe goma ƙofar take a ɗaure. Daga tafkin zuwa can, da wannan mota da wannan hanya, awa biyu ne. Daga gidan Alwyn minti arba'in.

Da ta yi musu bayani, annurin ya zube daga fuskar Graeme. Lorraine ce ta matso, ta rage murya.

"Ba sai ya sani ba ko? Mu koma mu kwance, iska ta share sawunmu. Kin ce wancan direban bai ƙara shiga ba."

Noeline ta riga ta yi wannan lissafin kafin Lorraine ta buɗe baki, kuma ya yi mata daɗi na ɗan lokaci. Ta kashe wutar.

"Ni awa biyu, shi minti arba'in. Saniya ba ta san ina jin kunya ba, Lorraine, ƙishirwarta ta sani."

Ta hau mota ta ɗauki oba-oba. Layi ɗaya ne duk yankin, abin da ka faɗa a kansa ka faɗa wa gida goma sha biyu da duk direban da ke hanya.

"Alwyn, Noeline ce. Kana jina?"

"Ina jinki. Kin nutsar da wani ne?"

"Ƙofa ta bakwai a rufe take tun ƙarfe goma. Mutumina ne ya rufe, ya ɗaure da waya. Ka tafi da filaya."

Sai ƙarar iska a layi. Can muryar wani maƙwabci, wanda ba a kira ba, ta ce a hankali, "Barka da rana, Noeline," wani kuma ya yi tari irin na mai danne dariya. Ƙarar tashin a-kori-kurar Alwyn kawai aka ji kafin ya saki maɓallin.

Ba a barin baƙo a hamada, don haka duk ta kwashe su, jiƙe, da naman a leda. Ranar tafin ƙafarta ya san totur. Ba wanda ya nemi a tsaya masa ɗaukar hoto.

Ƙarfe uku suka isa. Ƙofar tana nan a ɗaure yadda Graeme ya bar ta. Alwyn bai taɓa ta ba. Shingen ya yanke a wuri biyu, nesa da juna, don in garke mai ƙishirwa ya yi wa ƙofa ɗaya caa, maruƙa ne a ƙasa. Shanu sun kewaye kwamin suna zuƙa, har ana jin ƙarar maƙogwaronsu daga mota. Maruƙa biyu suna kwance a inuwar a-kori-kura, an jiƙa musu buhu a baya. Ɗaya kuma yana jikin ginshiƙin ƙofar, inda aka matse shi, ba ya motsi.

Graeme ya cire malafarsa. Ya tsaya a gaban tsohon kamar sabon fursuna.

"Ni ne, dattijo. An gaya mini, na ga kamar na fi sani."

Alwyn bai dube shi ba. Ɗaurin wayar yake kallo. Ya sa yatsa ya ja, ko gezau.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne."

"Da hannu?"

"Da hannu."

"To ga filaya. Wuri biyu na yanke, in sun gama sha za ka ɗinke. Ita kuma wannan ka kwance kayanka, ka mayar da dutsen inda ka same shi."

Sannan ya juyo ga Noeline. Ta sauko ba ta tuna takalmi ba, ƙasa tana gasa ta, amma ta ƙi ɗaga ƙafa. Ta tsaya ta jira. Shekara goma sha bakwai, da tafkin, da motar da ke bayanta, duk suna bakin wannan tsoho mai leɓe kamar tsohuwar fata, shi kuma ba ya sauri. Ya ciro taba ya naɗe. Ya nemi ashana a aljihu huɗu.

"Kin san abin da ya sa na rufe wa Clive hanya?"

"Ƙofa."

"Ƙofa ai kowa yana iya ɗauko wawa a mota. Hankaki ne suka ba ni labarin, bayan kwana uku. Mushen shanu goma sha ɗaya na ƙirga." Ya zaro ashana a bayan kunne, ya kunna tabar. "Ke kin riga hankaki."

Ta saki numfashi, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ɗora a kan ɗaya.

"Kar ki yi murna tukuna," ya ce. "Wancan maraƙin ke za ki ja shi nesa da ruwa, da hannunki, ba da mota ba. Kuma ki sa takalmi, kin tsufa da wannan iyayin."

"Ka ji mai maganar tsufa. Ashanar ma a kunnenka take, ka yi ta laluben aljihu."

Ta ja maraƙin. Ya fi yadda ta zata nauyi, kuma ba ta yi wa kowa ba'a ba har ta dawo. Graeme ya ɗinke shingen kafin la'asar sakaliya, Lorraine tana riƙe masa waya tana cewa yau dai an samu inda halinsa ya yi rana, bayan ya yi ɓarna. Alwyn ya bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe, bai yaba ba, amma ya ambata cewa akwai wata ƙofa a kudu da ta shekara uku ba ta rufuwa, in mutum ba shi da abin yi a watan Mayu. Graeme ya je, ya yi sati biyu. Lorraine ta ce sati biyun nan ne kawai ta shiga lambunta da kwanciyar hankali.

Noeline tana nan tana ratsa hanyar, ta kusa sittin yanzu. Mutanen yankin sun daina cewa ƙofa ta bakwai, Ƙofar Gandiroba suke cewa, kuma duk ranar da ta shiga layi sai an samu mai tambayarta ko yau ta kulle wa wani shanu. Takan ce masa ya zo ta kulle masa baki, tana da ragowar waya.

Abu biyu ne suka canza. In ta iso ƙofar da ke buɗe, yanzu takan tsaya, ta nuna sawun kofato, ta faɗi dalilin da ƙarfi, ko da kowa ya sani. Na biyu kuma a bakin teku yake faruwa, ranar farko, kafin a ɗora jaka ko ɗaya. Takan jera baƙinta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar aikin da kowa ya yi a rayuwa. Likita, gaba. Malamar makaranta, gaba. Tela, gaba. Wanda duk ya ce ya taɓa riƙe makullan wani wuri, sai ta yi masa fara'a, ta karɓi jakarsa da kanta, ta raka shi har kujerar ƙarshe, wadda ƙofarta ba ta buɗuwa ta ciki.