Gurbin Yaya Mu'azu a Cikin Rumbu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Mu'azu, amma har watan jiya kullum sai na ga sunansa a wurin aiki.

Ni ce mai ba da kati a wani ƙaramin asibiti da ke Gawon Nama. A da, in mara lafiya ya kawo lambarsa, kwamfutarmu sai ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, mutane na zufa a layi. Yaya, da ke koyar da kwamfuta, ya tsani jira kamar me. Shi ya sake mana tsari. Na'ura za ta yi wa lambar kati ɗan lissafi, amsar ta nuna mata rumbun da aka ajiye mutum, ta nufi can kai tsaye. Rumbu yake ce wa wuraren ajiyar, don ɗan ƙauyen Dundaye irinsa ko ya yi boko ba ya manta gero. In marasa lafiya suka ƙaru, wani rumbu ya cika, shi kaɗai ake rabawa biyu, sauran ba a taɓa su.

Na ce masa wannan ai tsafi ne. Ya ce, "Ke dai Hajaru, ba tsahi ba na, lissahi na."

Da aka haifi 'yarsa Nana, lissafin ya jefa katinta rumbun da katin ubanta yake, daf da bayansa. Ranar ya yi ta dariya, wai ko na'ura ta san jini.

Akwai dokar da ya kafa mini. In mutum ya rasu, ba a share gurbinsa fes. Na'ura tana bin cikin rumbu a jere, in ta tarar da fili sai ta ɗauka nan ne ƙarshe, na baya su ɓace. Don haka ake barin alama, sunan ya dushe amma yana nan. Sai ranar da rumbun ya rabu ake kwashe masu rai, a bar matattu.

Bayan sadakar bakwai, da hannuna na sa masa alamar. Tun daga nan duk sanda aka kawo Nana, sai na'ura ta ratsa ta kansa kafin ta kai gare ta. Ni kuwa kowace safiya nakan buɗe rumbun nan, in ga sunansa fari-fari, in yi masa addu'a, in jira kamar zai amsa. Sabo turken wawa. Na riƙa duban guraben da suka rage suna ƙarewa, kowane sabon kati sai na ji tsoro kada lissafi ya kai shi rumbun Yaya, ya cika ya rabu.

Da yana nan, na san abin da zai yi. Zai yi murna da yawan jama'ar da tsarinsa ya ɗauka bai gaza ba, sannan ya tsokane ni da cewa na mai da kwamfuta maƙabarta.

Watan jiya wata mata ta kawo jaririnta. Na buga lambar, na'ura ta ɗan yi jim, rumbun Yaya ya rabu biyu. Na duba wannan, na duba wancan. Babu Yaya. Na miƙa wa matar katinta ban ɗauke ido daga kan kwamfutar ba, har ta ce, "Malama, lahiya dai?" Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Shekaranjiya aka shigo da Nana a sume, zazzaɓi ya kayar da ita a makaranta. Ina buga lambarta, bayananta suka fito kafin in ɗaga yatsa, har da maganin da jikinta ba ya so. Likita bai jira ba, kuma alhamdu lillahi ta farfaɗo.

Shekara tara yana tsaye a gabanta don kada ta ɓace. Yanzu ya kauce mata daga hanya don kada ta yi jira. Allah Ya ji ƙanka, Yaya. Har yau da safe na buɗe rumbun.