Kwanon Mma Hamamatu Ranar Maci

Duk wanda ya yi aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya san Mma Hamamatu mai shinkafa da wake. Iyayenta mutanen Damagaram ne, amma ita a Zangon Kumasi aka yanke mata cibiya. Shekara ashirin da biyu ta yi tana ciyar da makanikai a bakin titi, tana zuba musu abinci tana yi musu faɗa, da Hausa ko da Twi, duk wanda ya riga zuwa bakinta. Ba ta ha'inci a ciniki. In yajinta na jiya ne, za ta faɗa maka kafin ka tambaya.

Da rayuwa ta yi tsada, shinkafa ta gagare ta saye, makanikan ma aiki ya ja baya. Ta rage tukunya, ta ƙara ragewa, ƙarshe ta kife ta a bayan ɗaki. Wata huɗu tana zaune da jikoki uku. In an tambaya, sai ta ce gwiwa ce ta hana ta fita.

Rannan Sulley, wakilin unguwarsu, ya yi sallama.

"Mma, ranar Asabar akwai maci. Za a nuna tattalin arziki ya farfaɗo, ana neman mata masu sana'a. Kowa zai samu zani da ɗan buhun shinkafa."

"Ni da ba na sana'a, me zan nuna?"

"Ki ɗauko kwanonki kawai ki rufe da ƙyalle. Wa zai leƙa?"

Ta dubi jikokinta. Daga baya ta ce to.

Ranar Asabar aka jera su bayan masu badujala, lasifika na ta shelar cewa kasuwa ta buɗe. Da yake an san fuskarta, sahun gaba aka sa ta. Ba ta san ta Suame za a bi ba sai da ta hango garejin da ta saba.

Seini, wani tsohon mai walda da ya daɗe yana cin abincinta, ya ratso mutane yana murna.

"Mma, ashe kin dawo. Alhamdu lillahi. Zuba mini, tun safe ban karya ba."

Kafin ta buɗe baki ya kai hannu zai sauke mata, yadda ya saba. Ya sa ƙarfi irin na kaya mai nauyi, sai kwanon ya taso fayau, ƙyallen ya zame. Babu komai ciki sai tsumma.

Seini ya dubi kwanon, bai dube ta ba. Ya mayar da ƙyallen, ya gyara gefensa, ya ɗora mata a ka da hannu biyu har da ɗan nishi, don na kusa su zaci da nauyi.

"Allah ya kawo kasuwa, Mma," in ji shi.

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Haka ta ƙarasa macin, idonta a kwalta.

Shinkafar da aka ba ta a macin ta dafa wa jikoki, ita kam ta kasa kai loma. Yanzu koko take sayarwa a ƙofar gida, kuma in tafiya ta kama ta wajen Suame, gara ta zagaya. Sau biyu Seini yana aiko mata da gaisuwa ta bakin maƙwabciyarta Adizatu. Har yau ba ta san abin da za ta ce a gaya masa ba.