Kyandirorin Haruna Ba na Alkama Ba Ne

A shekarar nan da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, wata huɗu bayan ɓarnar, ranar Alhamis takwas ga Disamba, 1988, da hantsi, Allah ya karɓi ran Haruna Baturen Ruwa a gidansa na bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Zuciya ce, in ji likita. Ni Maharazu, da na yi shekara goma sha huɗu ina gadin ƙofar ruwa da ƙofar gidansa, ni ke wannan magana. Ban yi boko ba. Malam Hambali ke rubutawa, kuma na hana shi gyara mini ko kalma ɗaya.

Haruna, yau kwananka uku, amma mutanen nan ba su bar ni na yi kukanka ba.

Aharon ne sunanka, mu muka mayar da kai Haruna. Bayahude ne kai daga ƙasar Holan. Ka zo tare da masu haƙa kanal, suka gama suka tafi, kai ka zauna. Da masu gonakin kusa da ƙofar ruwa suka riƙa tare ruwa, gonakin can ƙarshe na bushewa, kai ka naɗe wando ka bi kanal da ƙafa kana buɗewa, ana zaginka kana gaisuwa. Adama, matar marigayi Lukmanu, ba ta taɓa cin tumatir ɗin gonarta ba sai da ka yi haka.

Duk shekara in sanyi ya shigo, kana da bikinku na kwana takwas, Hanuka. Sai ka fito da wani mazaunin kyandir na tagulla mai kai tara, takwas a jere, ɗaya ya ɗara su tsawo. Shi ɗayan ka ce bara ne, da shi ake kunna sauran. Rana na faɗuwa ka kunna guda, washegari biyu, haka har takwas, ka ajiye a tagar da ke kallon hanya, ka yi waƙa da muryarka marar daɗi, ka soya dankali a mai ka tura mini. Ka ce tunawa ce da wani ɗan mai na kwana ɗaya da ya kai kwana takwas yana ci a ɗakin ibadarku na dā. Kuma wai ba a aiki da haskensu. Ran nan ƙaya ta shige mini ƙafa, na matsa kusa in cire, ka janye ni ka ɗauko tocila. Na ce, "Wuta biyar na ci a banza, mutum na ɗingishi?" Ka ce, "Maharazu, waɗannan na kallo ne." Har yau ban ga hikimar ba, amma na san abin ibadarka ne.

To, ga inda mutanenmu suka ɓata lamarin. Shekarun farko kyandirorinka sun yi daidai da shukar alkama, alkama kuwa ta yi kyau. Shi ke nan, sai Baballe mai gonar kusa da gada ya baza cewa a tagar Bature sirrin yake. Ka gaya musu lissafin watanku daban ne, bikin yana gaba yana baya. Shekara biyu da suka wuce bai zo ba sai ƙarshen Disamba. Ka bi gona gona tun Nuwamba kana roƙo a yi shuka. Suka yi ta murmushi, wai kana ɓoye musu ne, suka jira taga. Zafi ya riski alkama tana fidda kai, ta motse. Ka buɗe rumbunka ka raba musu iri kyauta. Godiyar da ka samu ita ce wai kai ka makara da kunnawa.

Bana ka kunna biyar ka tafi. Tun ranar Baballe da wani manomi, Datti, ke zarya a ƙofata, saboda makullin gidanka na hannuna. "Baba, cika sauran ukun, kada alkamarmu ta tsaya a rabi." Na ce Musulmi ne ni, ba ibadata ba ce, kuma ba taki ba ce. Shekaranjiya bayan sallar Juma'a sai suka sake shawara: a ba su tagullar su binne a bakin ƙofar ruwa, albarkar ta riƙa bin kanal. Masu sallah biyar ke nan! Wasu kuma can suna cewa ai wuta kake bauta wa, a jefa abin a ruwa. Duk cikinsu ba wanda ya tambayi ko kana da magaji. Kana da shi. Ka gaya mini abin nan na mahaifiyarka ne, shi kaɗai ya tsira daga gidanku a yaƙin Hitila, kuma 'yarka Rahila za ta gada.

Liman ya ce akwai addu'ar da ba zan yi maka ba, kuma ba na jayayya da liman. Na bar ka ga Wanda ya halicce ka, Shi ya ga ƙafarka cikin kanal, Shi ne Mai jinƙai, ba ya kuwa zaluntar kowa. Rahila, Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanki. Mu kuma Allah ya shirye mu, ya sa mu cika da imani.

An ce Rahila ta sauka Kano za ta tafi da gawarka. Tagullar na ƙarƙashin gadona, a naɗe cikin buhu, da ragowar kyandirorin. Gobe in na idar da asuba zan hau motar farko daga Kura in sa mata a hannu. Wanda ke son alkama ya tafi ya ba gonarsa ruwa.