Saura Kiris

Ko zan manta abin da na ci jiya, ba zan taɓa manta lokacin da na raba gadona da hannuna ina da raina ba. Har yau in 'yan gidanmu suna son kashe mini baki, wannan labarin suke ɗaukowa.

Ina ɗan shekara sha shida ne, a ajin ƙarshe na koleji a Gaya, shekarar jarrabawar birebe. A lokacin ji nake ba namiji kamata. A fadarmu, inda muke shan shayi da yamma, ni ne mai cika baki cewa ba na tsoron komai. Ashe in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Nawa sa gudun ya same ni a tsakiyar gadar kogi, ina dawowa daga kasuwar Malanbil da jarkar manjan Inna a bayan keke. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya taɓa ni. Haka kawai zuciyata ta kama bugu kamar za ta fasa ƙirji, numfashi ya ƙi wuce maƙogwaro, hannuwa suka yi sanyi, gumi ya jiƙe ni sharkaf. Na zauna a gefe, manyan motocin kaya, kamiyo, suna wucewa, ni ina kalmar shahada. Can abin ya sake ni kamar ba a yi ba.

Daga nan ya san hanya. Ya zo mini a aji, ya zo ina cin tuwo. Kakata ta ce mutanen ruwa ne, tunda a kan kogi aka fara, ta turara ni har idona ya yi ja. Baba, wanda direban kamiyo ne, ya ce yawan shan shayi ne. Sai ranar da abin ya kama ni a gabansa ya ɗauke ni zuwa gidan likita.

Majo, babban ma'aikacin wurin, ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya saurari ƙirjina, sannan ya ce in jira a waje. Ni kuwa na manna kunne a ƙofa. Yana yi wa Baba bayani ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Faransanci, kunnena bai tsinci komai ba sai kalma biyu: "kiris" da "Dosso". A Gaya kowa ya san ba a tura mutum babban asibitin Dosso don ciwon kai. Nan take na haɗa maganar da kaina: saura kiris in mutu. Baba ya fito fuska a ɗaure, bai ce uffan ba har gida, na ce shi ke nan, ta tabbata. Ban tambayi kowa ba. Namiji ne ni ai.

Sai na shiga shiri. Tattabaruna na ba ƙanena, takalman ƙwallo na ba wani abokina. Littattafai na rufe su, don wa ya taɓa ganin gawa da birebe? Na koma sahun farko a masallaci har liman ya fara yi mini murmushi. Na bi mutane ina neman gafara. Har maƙwabcinmu na je na gaya masa ni ne mai sace masa mangwaro, mutumin da bai taɓa zargina ba. Ya ce ya yafe, amma har yau kallon da yake mini daban ne.

Yanzu dariya nake, amma wallahi a lokacin ba abin dariya. Tsoro ya cinye ni. Abinci ba ya wucewa, abin kuma ya ƙara yawan zuwa, kowane zuwa in ce wannan ne na ƙarshe. Mutanen gida kuwa cewa suke yaro ya yi hankali.

Inna na bari a ƙarshe, don nata ya fi nauyi. Na same ta tana gyaran kifi a tsakar gida, yayata da ke lise, makarantar gaba da koleji, tana taya ta. Na durƙusa na ce ta yafe mini duk abin da na yi mata. Ta ɗago ta ce ina za ni.

"Inna, na ji abin da majo ya gaya wa Baba. Saura kiris."

Yayata ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Kiriz ya ce, wawa, ba kiris ba!" Ashe Baba ya tambaye ta ma'anar kalmar tun ranar. Faransanci ce, ciwon da ke tasowa farat ɗaya ya sauka. Majo cewa ya yi zuciyata lafiya lau, damuwa ce da firgici, kuma akwai likitarsu a Dosso. Baba ne ya ƙi, don a tasha suna ɗaya aka san irin wannan likita da shi, wato likitan mahaukata. Ni da na tsufa a lakwal, makarantar boko, ina koyon Faransanci, ga inda ya kai ni.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ajiye wuƙa, ta wanke hannu, ta nufi inda Baba ke zaune. Ban taɓa jin ta yi masa magana haka ba.

"Malam, yaron nan ya yi zaman makokin kansa a gabanmu ba mu sani ba. Mu muna nan muna tsoron bakin tasha."

 Da Baba ya ɗago, ni ya tambaya ko zan je Dosso. Ka ji ikon Allah, mutumin da ya gama shirin kabari, sai ga shi yana tsoron sunan da 'yan fada za su laƙa masa. Na ce a bar ni in yi tunani. Tunanin bai yi nisa ba, washegari abin ya sake kama ni ina alwala. Da ya sake ni na ce a tafi.

A tasha abokan Baba suka tare mu, suna tambayar ina za a da yaro. Na ja hula na rufe ido, na shirya ƙaryar ciwon haƙori. Sai na ji Baba ya ce, da muryar da kowa zai ji, "Wurin likitar damuwa zan kai shi. Firgici ke kama shi, an ce yana da magani." Wani tsohon direba ya ce Allah ya ba da lafiya, kowa ya ce amin. Duniya ba ta tashi ba. Ni ne dai na yi ta share hawaye a mota, ina cewa iska ce.

A Dosso ina ta duban inda aka rataye sarƙa. Ba sarƙa, ba allura, sai wata madam da kujera biyu. Ta bar ni na yi magana har na gaji, ta bayyana mini abin da jikina ke yi, ta koya mini yadda zan ja numfashi in abin ya taso. Mun yi ta komawa, abin ya ragu sannu a hankali, na buɗe littattafaina. Har yanzu yakan leƙo, amma na san sunansa.

Abin da na ɗauka shi ne, ciwon bai wahalar da ni kamar shirun da na yi ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Shi ya sa yanzu in na ga yaro ya yi shiru, ya cika ladabi farat ɗaya, ba na saurin cewa ya yi hankali. Zama nake kusa da shi in tambaye shi me ke damunsa.